Jan Farcen Yaya Tanimu

Hulɗa da Yaya Tanimu wahala ce, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ɗan kawuna ne, amma shekara ashirin ina kai masa rediyon mota shagonsa na kasuwar Katako a Jos, ban taɓa fitowa ban ji kamar na saci wani abu ba. Kun san halinsa. Kafin ya gama amsa sallama ya karɓi amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya kafe ka da ido: "Wa ya taɓa?"

Duk abin da ya gyara, sai ya ɗiga wa kowane sukuru jan farce, irin na mata. In fentin ya tsage, to an buɗe a bayan idonsa, sai ka shirya amsa tambayoyi.

Wani Alhaji mai sayar da katako ya kawo tasa wata rana yana cewa, "Malam Tanimu, da kanta ta mutu." Yaya ya zaro fiyus, sai ga shi an naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari. Ya ce, "Da kanta kuma ta fara shan sigari, Alhaji?"

Ko mitarsa ta gwajin wuta bai yarda da ita ba, biyu yake ajiyewa. Na ce, "Yaya, in duk biyun suka yi maka ƙarya fa?" Ya lasa bakin wata waya, ya yamutsa fuska, ya ce, "Harshena bai taɓa ba."

To ga nawa laifin. Lokacin ina jan bas daga Laranto, fasinja na son motata don kaset na tashi da kyau. Sai amfilifayar ta fara ɗaukewa duk sanda na faɗa rami a hanyar Naraguta. Na gaji da tambayoyin Yaya, na ɗauki wuƙar girkin matata na kwance ta da kaina. Na taɓa nan, na taɓa can, hayaƙi ya tashi. Na mayar na rufe, na kai masa.

Ya shinshina ya daɗe. Ya duba fentin. "Wa ya taɓa?"

Na kau da kai ina kallon titi.

"Bulus ne ko?"

Bulus mai gyaran rediyo ne a shagon da ke kallon nasa, tare suke shan shayi kowace safiya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Yaya ya ɗora ta a kan kanta ya ce, "Nan za ta zauna sai wanda ya buɗe ya faɗa da bakinsa."

Wata takwas tana nan. Duk sanda na bi ta layin sai in ga shi da Bulus sun juya wa juna baya, ko gaisuwa babu. Na san ni na raba su, amma ban fito da gaskiya ba. Daga baya ma na daina bin layin. Da damina ta shigo Yaya ya kwanta kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar uku Bulus ya zo da wani ƙaramin buhu. Na ja shi gefe na ce, "Bulus, ka yafe mini. Ni na buɗe, na bar ka da laifi."

Ya goge ido, yana dariya. "Oga Sale, ai tun ranar ya sani. Ya ce warin albasa ya ji a jikin sukuru."

"To gabar da kuke yi fa?"

"Sai mun hango motarka muke ɗaure fuska. Kana wucewa mu ci gaba da shayinmu. Jira yake ka faɗa."

Ya miƙo mini buhun. Amfilifayata ce, kowane sukuru da sabon jan farce. Tun satin farko Yaya ya gyara abin da na ƙona. Bulus ya ce, "Kuma ya ce a gaya maka, da ma lafiyarta ƙalau. Wayar da ke kama bodin mota ce ta saki."

Allah Ya jiƙan Yaya Tanimu, Ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi, Ya sauƙaƙa masa tambaya fiye da yadda ya yi mana.

Washegari da safe na mayar da amfilifayar, na ɗaure wayar, na bi ramukan Naraguta kaset bai ɗauke ba. Na dawo Katako na sayi shayi kofi biyu, na zauna a bencin Yaya, na miƙa wa Bulus ɗaya.