Mahadi da Abokin Kartarsa na Maraɗi

A unguwar Ka'akiyya ta Makka, bayan layin masu gyaran firji, akwai wani gida mai hawa biyu da aka yi wa ƙaramin ɗaki a kan rufi don ajiye tarkace. A wannan ɗakin Mahadi yake zaune, shekara shida ke nan. Gidan hayar Sufyan ne, mijin ƙanwarsa Ummulkhairi, kuma ita ce ta roƙi alfarma aka kwashe tarkacen aka shimfiɗa masa katifa.

A unguwar Nakkasa, nan cikin Makka, aka haife shi, can kan dutse inda mota ba ta hawa. Mahaifinsu, Malam Yalwa, mutumin Haɗeja ne da ya zo aikin hajji bai koma ba, ya rayu ya rasu ba shi da takardar zama, ya bar wa ɗansa wannan rashin. Ita Ummulkhairi aure ya rufa mata asiri, ta shiga takardun mijinta. Shi kuwa Mahadi tun yana ɗan shekara goma sha bakwai yake tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, har gwiwarsa ta dama ta gaji, sana'ar kuma ta koma hannun masu rajista. Ya taɓa aure, bai daɗe ba, ba su haihu ba.

Abin da mutanen Nakkasa suka san shi da shi shi ne karta. Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Issoufou tela, a kawo shayi, mutum huɗu su zauna balot, biyu-biyu suna fuskantar juna. Issoufou ɗan Maraɗi ne. Umara ya zo yi yana saurayi, ya bar amaryarsa da ciki, ya ce wata uku zai yi, ya shekara ashirin da shida. Shi ne abokin zaman Mahadi a wasa, kuma ba a taɓa tashi ba su yi musu ba. Mahadi ba ya manta kartar da ta faɗi. Sai a gama wasa, a naɗe tabarma, ya bi Issoufou har cikin shago yana tuna masa cewa a zagaye na uku ya saki ikka, wato babbar karta, alhali shayib, wato sarki, yana hannun abokin hamayya. Issoufou yana taka kekensa yana musantawa, har a kira magariba.

Shekarar da aka shafa jan fenti a bangon unguwarsu aka ce kowa ya tashi, a shekarar aka kama Issoufou a motar haya, ya fita sayen zare. Mahadi bai samu ko sallama da shi ba. Wata biyu bayan haka wayarsa ta yi ƙara da lambar Nijar: Issoufou ne, an mayar da shi Maraɗi.

Da farko suna kiran juna duk Juma'a. A gaisa, a tambayi gwiwa, a tambayi iyali, a lissafa waɗanda suka watse, wane ya koma Jidda, wane ya rasu. Minti biyar sai magana ta ƙare. Issoufou ya zama baƙo a garinsu. Matarsa tana girmama shi kamar wani kawunta da ya zo ziyara, 'yarsa Mujahida, wadda ya fara gani tana da nata 'ya'yan, ba ta iya haɗa ido da shi. Ya buɗe shago, amma rabin yini ƙudaje yake kora.

Wani mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shagon ne ya nuna masa foka. Wasan karta ne da ake yi a waya da mutanen da ba ka sani ba, shida a teburi. A ba kowa karta biyu a rufe, a riƙa buɗe wasu biyar a tsakiya, kowane mataki mutum ya zaɓa: ya bi zubin da aka yi, ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura. Issoufou ya buɗe wa Mahadi nasa gurbin da lambarsa ta Nijar, tunda Mahadi ba shi da takardar da zai nuna, ya zuba masa 'yan kuɗi, ya koya masa dabarar da shafin zai buɗu, don a nan ƙasar a toshe yake. Teburi mafi ƙanƙanta suka zaɓa, inda zubin farko bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Mahadi ya yi mako guda bai taɓa ba.

"Caca ce fa, Abu Mujahida," ya ce masa a waya. "Kuma a Makka nake."

"Na sani. Ni ma ban ce halal ta ba," in ji Issoufou. "To hwaɗa min wani abu da za mu riƙa yi tare, ni in bar wanga."

Washegari bayan azahar Mahadi ya buɗe wasan.

Bai taɓa yaudarar kansa a kan abin da yake yi ba. Idan zai fara, sai ya juya ta yadda ba zai fuskanci alƙibla ba, kuma ko da ikka biyu ne a hannunsa, ladan yana ɗaga murya yake kife wayar. Sau biyu ya goge manhajar da azumi, sau biyu ya mayar da ita bayan Sallah. Tsakanin azahar da la'asar yake wasansa, lokacin da rufin ke huci, 'yar na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani, titi kuma babu kowa.

Wasan kansa bai kai masa daɗin bitar ba. Manhajar tana ajiye kowane hannu da aka buga, mutum zai iya komawa ya sake kallonsa mataki-mataki. Sai Mahadi ya zaɓi biyu ko uku da suka tsaya masa a rai, ya ɗauki hotonsu, ya tura Maraɗi da saƙon murya: ga inda nake zaune, ga abin da wancan ya saba yi, ga dalilin da ya sa na ƙara. Issoufou ya turo nasa. Daga nan musu ya tashi, wani hannun su yi kwana uku suna jan sa. Mahadi mai haƙuri ne, yana iya ajiye hannu ashirin a jere yana jira. Issoufou kuwa burga yake so, ya zuba da ƙarfi ba shi da komai don ya tsorata teburi, in ta yi masa kyau ya turo saƙo rabinsa dariya. Mahadi ya kan ce masa cin da ya yi bai mai da wautar ta zama dabara ba. Issoufou ya kan ce masa mai jiran tabbas sai ya tsufa a kujera. A shekara uku babu wanda ya ci abin kirki a cikinsu, babu kuma wanda ya yi asarar da za ta hana shi barci. Amma a tsakiyar musun ne labarai suke fitowa, waɗanda gaisuwar Juma'a ta kasa fito da su. A nan Mahadi ya ji cewa Mujahida ta fara kawo wa ubanta abinci shago da kanta, har tana zama ta ɗan jima.

Lokacin hajji ya fi kowane tsanani. Bincike yakan yi yawa, marar takarda ba ya leƙa titi sai dole. Mahadi yakan yi sati biyar bai sauka daga rufin ba, yana jin motocin alhazai suna wucewa jere zuwa wajen Muzdalifa. A irin waɗannan makonnin muryar Issoufou ce kaɗai muryar namiji da ke yi masa doguwar magana.

A shekara ta huɗu wasan Issoufou ya fara lalacewa. Ba irin burgarsa ta da ba, wadda ko ba ta yi ba akwai tunani a bayanta. Yanzu sai ya bi zubi a inda babu dalili, ko ya ajiye hannun da ya riga ya ci. Saƙonninsa suka gajarce, yana tsayawa a tsakiyar magana ya ja numfashi. Mahadi ya tambaye shi sau ɗaya, ya ce zafin gari ne, shi kuma bai sake tambaya ba.

Wata Lahadi Issoufou ya turo hoton wani hannu. Walad biyu ne a hannunsa, kartar da ke ƙasa da shayib, a tsakiya an buɗe ikka da shayib da wata ƙaramar karta. Wani da ya yi awa guda bai motsa ba ya tura duk abin da ke gabansa, Issoufou ya bi shi, aka cinye shi. Saƙon da ya biyo hoton bai wuce daƙiƙa shida ba, yana tambaya ne kawai me Mahadi ya gani.

A ranar, gwiwar Mahadi ta kumbura tun safe, kuma ya jiyo Sufyan a ƙasa yana yi wa Ummulkhairi ƙorafin na'urar da ke kwana tana wuni a kunne. Da wannan zuciyar ya danna wayar. Ya yi minti huɗu yana magana. Ya ce ko wanda ya fara wasa jiya ya san ba a bin irin wannan mutumin da walad biyu, ya ce shekara huɗu yana bayani kamar da bango yake yi. A ƙarshe ya ce, "In hankalinka ba ya wurin, ka bari kawai, ka daina ɓata min lokaci."

Alamar an saurara ta fito a ranar. Amsa ba ta zo ba. Mahadi ya ɗauka fushi ne, sun sha yin haka tun a Nakkasa, shi ma sai ya ja bakinsa yana jiran a fara nemansa. Aka yi kwana tara.

Rana ta goma da hantsi saƙo ya shigo daga lambar, ya buɗe da sauri, sai ya ji muryar mace. Mujahida ce. Ta kira shi Baba Mahadi, ta ce Allah ya yi wa mahaifinta rasuwa ranar Talata, an kai shi a ranar. Ciwon ƙoda ne, kusan shekara guda ana fama, Issoufou ne da kansa ya hana a gaya wa Mahadi.

Sai bayan la'asar Mahadi ya iya kiran ta. Ta ba shi labarin a hankali. Watannin ƙarshe a gadon asibiti uban yake wasan, kuma idonsa ya yi rauni, ita take karanta masa kartar, duk da ba ta son abin. Ta ce wancan hannun na ƙarshe ita ce ta yi kuskure. Hotunan suna mata kama, ta ga shayib ta ce masa walad ne, shi ya sa ya ɗauka uku gare shi. Da ta gane ta gaya masa, ya ce ta bari, zai tura wa Mahadi haka nan ya ji abin da zai ce.

Mahadi ya tambaye ta ko uban ya ji saƙonsa.

"Ya ji, Baba. Sau biyu ya sa na kunna mishi. Ya yi dariya, ya ce kana nan yadda ya san ka."

Har yau Mahadi bai san ko haka aka yi ba, ko yarinyar ce ta tausaya masa. Bai sake tambayar ta ba.

Ummulkhairi ta hau da abincin rana ta tarar da na safe ba a taɓa ba. Ta zauna a bakin ƙofa. Ya gaya mata rasuwar, ya gaya mata saƙon, kuma tunda bakinsa ya buɗe ya gaya mata cacar ma, yana kallon ƙasa.

"Yaya, rufin nan ba shi da kauri," ta ce. "Shekara nawa ina jin ka."

Ta ce ba ta taɓa gaya wa Sufyan ba, kuma ba ta taɓa jin daɗin abin ba, kullum tana roƙa masa shiriya. Amma ta ga yadda ya zo gidan ba ya magana da kowa, sai ga shi tana jiyo dariyarsa, shi ya sa ta kasa hawowa ta hana. Washegari ta dafa shinkafa da kaza aka kai masallacin layin sadaka. Tsofaffi biyu daga cikin mutanen Nakkasa suka ji labari suka zo, suka hau rufin da ƙyar, aka yi addu'a, aka sha shayi, suka tafi kafin magariba.

Bayan arba'in ya sake buɗe wasan 'yan kwanaki. Hannunsa ya saba, in ya buga wani hannu mai wuya sai ya ga ya riga ya ɗauki hotonsa. Hotunan suka taru a wayar. Wata rana manhajar ta ce sai ya shigar da lambobin tabbatarwa da ta tura wa mai gurbin, can Maraɗi. Ya san Mujahida za ta turo masa in ya tambaya. Ya rubuta mata saƙon har ƙarshe, ya karanta, ya goge. Gurbin ya rufe da duk hannayen shekara huɗu a ciki, bai kuma nemi wanda zai buɗe masa wani ba.

Yanzu carbi yake shiryawa. Sufyan ya haɗa shi da wani mai shagon tsaraba, ana kawo masa duwatsu da zare a buhu, ya zura, ya ɗaure, a zo a kwashe ranar Alhamis. Aikin yana tafiya, mai shagon ya ce ba a taɓa samun wanda ya gaza ko ya yi yawa a nasa ba. Sufyan ya taɓa kawo masa maganar ya miƙa kansa a mayar da shi Najeriya, wai akwai dangin Malam Yalwa a Haɗeja da za su karɓe shi. Ya yi maganar da ladabi, ba korar sa yake ba. Mahadi, wanda bai taɓa wuce Jidda ba, ya ce a bari bayan hajji zai yi tunani. An yi hajji biyu tun daga lokacin.

Ranar Juma'a yakan sauko da sandarsa tun kafin a fara huɗuba, don matakalar tana cin masa lokaci. Matasan layin suna gaishe shi da Ammu Mahadi, ya yi musu Hausa su amsa da Larabci. In an idar yakan tsaya wajen mai burodin tamis ya sayi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na gidan ƙasa, ya huta a kan dakalin masu firji kafin ya fara hawa.