Furen Kafinta

Yayata, wadda duk unguwa ke kira Mai Fure, ba ta taɓa shuka ko ganye ya rayu ba. Furanninta duk na takarda ne. Tun muna 'yan mata take wannan sana'a, a kan wani tebur da ke jikin taga: kwali mai kauri da take ninkewa biyu, takardun ado kala-kala, da ɗan almakashin da ko 'ya'yan cikinta ba su isa su taɓa ba. Sai ta yanka kunnuwan fure ɗaya bayan ɗaya, ta murza kowanne a jikin fensir har ya lanƙwasa, sannan ta lakato gam da bakin tsinke ta ɗiga. Cewa take gam kamar gishiri ne, da ya yi yawa an ɓata miya.

Kuma ba ta yi maka katin gaisuwa sai ta titsiye ka da tambaya. Wa za a ba? Mai surutu ce ko shiru-shiru? Wane launi ta fi sawa? Mai barkar haihuwa, mai murnar sabon aiki, har magidancin da ya ɓata wa matarsa rai yana neman hanyar lallashi, duk sun zauna a bencinta sun sha tambaya.

Da aka kwantar da ita za a cire mata yanar ido, ni na yi jinyarta. Jama'a sun zo, ba laifi. Lemo, ayaba, sabulu, har muka rasa wurin ajiyewa. Matar da ke gadon kusa da mu kuwa katuna ne jere a kan durowarta. Yaya, ido ɗaya a ɗaure, ɗayan yana gani dishi-dishi, ta roƙa a miƙo mata guda. Ta shafa shi da yatsa, ta yi dariya.

"Wannan ai aikin hannuna ne," in ji ta. Can kuma ta rage murya. "Kin san ni ba a taɓa ba ni ba? Ko sau ɗaya."

Maganar ta soke ni ƙwarai. Wa zai kai wa mai rijiya ruwa? Haka dukanmu muka ɗauka, ashe mai rijiyar da ƙishi take kwana.

Mijinta na tsaye a bakin ƙofa. Kafinta ne, mutumin da magana ke yi wa wuya kamar sayenta yake. Ya ji, ya juya ya tafi. Har na yi ƙwafa, na ce a raina wannan bawan Allah da katakonsa duk ɗaya.

Ranar da aka kwance mata ido sai ga shi da wani abu naɗe a jarida, yana ta zufa. Yaya ta warware. Kati ne, ja da ruwan ƙwai, fure a kansa kamar wanda mota ta bi ta kai.

"Baban yara, me ya same shi haka?"

"Matse shi na yi."

"Ka matse?"

"To ana sa gam a bar abu sakaka ne? Tsakanin katako biyu na sa shi, na ɗaure da ƙarfe har ya bushe."

Na tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Mijin Yaya, kati aka ce, ba ƙofar shago ba!"

"Ke dai ba a rasa ki," ya ce, yana hararata.

Yaya ta kai katin hanci. Gam ɗin katako ne, kuma da burushi aka shafa, ba tsinke ba. Ta sa farce za ta buɗe, kati ya ce bai san zance ba. Ya manne gam, ciki da baya, aikin kafinta na ƙwarai.

"Akwai rubutu a ciki?" ta tambaye shi.

"Akwai."

"To ga shi ya ƙi buɗuwa. Sai ka faɗa da baki."

Matar gadon kusa ta gyara zama, nas ɗin da ta zo da magani ma ta ƙi tafiya. Mutumin nan ya cire hula, ya mayar, ya dubi silin kamar a can aka rubuta.

"Cewa na yi... gidan ba daɗi. Ki warke ki dawo. Tun ranar da kika tafi ban iya zama a ɗakin ba."

Nas ta ce, "Allah sarki!" Ni da na zo da shirin tsokana sai na ji hawaye na bin kumatuna. Likita ya hana Yaya kuka, don haka dariya ta yi ta yi, tana danne katin a ƙirji.

Don in ɓoye fuskata na shiga laluben jaka, na ciro reza.

"Kawo in tsaga miki gefen, Yaya, ko ma ga rubutun."

Ta make min hannu.

"Taɓa ki gani," ta ce. "Katina ne."