Dutsen da Ya Kashe Maraƙin Kawu

Duk sa'ad da na ji ƙarar magagari a kan ƙarfe, ko da a bakin tasha ne, sai gabana ya faɗi. Na daɗe ban gaya wa kowa dalili ba.

Kakana maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Ni kuwa yarinya ce marar magana, in na taso daga lakwal, wato makarantar boko, sai in zauna a ƙofar maƙerarsa da littafi a cinya. Amarya yake kirana, yana cewa cikin matansa ni kaɗai ce ba ta cika masa kunne. A nan ya koya mini duwatsu. Kashin ƙarfen da maƙeran dauri suka bari a daji baƙi ne, amma duk huda gare shi kamar saƙar zuma. Tama, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, tana da nauyi, bayanta kan yi baƙi ƙirin, sai dai in ka goga ta garinta ja ne. Dutsen sama kuwa sau ɗaya ya taɓa riƙe shi, lokacin da ya je ci-rani arewa. Ya ce fatarsa baƙa ce siririya kamar gindin tukunya, jikinsa da lotsawa kamar an danna yatsa a curin fura, in an goge gefensa sai a ga ciki toka-toka, ɗige-ɗigen ƙarfe suna walƙiya.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, hadari ya yi kwana uku yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Da azahar aka tarar da maraƙin kawuna kwance a turke, jini na fita daga gefen kansa, ga baƙin dutse ya fi dunƙulen hannu a kusa da shi. Da ƙyar aka samu aka yanka.

Mata suka ce sun ji rugugi, daga sama ya faɗo. Kawu ya ce ƙarya ne. Ya taɓa dutsen ya ji shi da sanyi, ko ciyawar wurin ba ta babbake ba, alhali kowa ya ga yadda aradu ke ƙona gawo. Tun da babu wuta, in ji shi, hannu ne ya jefa. Bai ambaci kowa ba, amma duk aka juya ana kallon bayan gari, inda wani makiyayi mai jin yaren Tamajak yake zaune a bukka da matarsa da 'ya'ya huɗu. Kwana biyar kafin nan tumakinsa sun shiga waken kawu, an yi cacar baki.

Kafin la'asar samari sun taru da sanduna. Na ga ɗaya da ashana a hannu. Jandarma suna Malbaza, hanya kuma ta lalace. Mai gari ya ce kada wanda ya motsa sai maƙeri ya duba dutsen.

Aka kawo shi maƙera. Mutane suka cika ƙofa, ni ina ciki a gindin zugazugi, ba wanda ya damu da ni. Kaka ya jinjina shi a hannu, ya ce dutsen sama ba aradu ba ne, da sanyinsa yake isowa ƙasa. Daga nan ya juya wa jama'a baya, ya sa magagari. Ya daɗe yana kallon wurin da ya goge. Sai ya ɗora babban yatsa a kai.

"Wanga ba na ƙasarmu ba ne," in ji shi. "Daga sama ya zo. Ku je ku ƙone bukkar wanda ya jeho shi, in kun iya kai wurinshi."

Kawu ya nemi ya gani. Kaka ya ce abin da ya sha jini a ƙofar gida ba a yawo da shi hannu-hannu. Ya naɗe shi a tsumma, ya kai tsohuwar rijiyar da aka daina sha, ya saka. Samari suka watse ɗaya-ɗaya.

Ni dai na ga magagarin. Garin da ke tsakanin haƙoransa ja ne. Tama ce, irin wadda ke zube a kan tudun yamma da gari.

Da ya dawo ya same ni ina kallon magagarin. Ya ɗauka, ya goge a gefen rigarsa.

"Amarya, mi kika gani?"

Na ce ban ga komai ba. Ya ce madalla, ya ci gaba da ƙirar hauya.

Makiyayin ya kai lokacin girbi a bukkarsa, 'ya'yansa sun girma a nan. Yanzu ina karatun duwatsu a jami'a, kuma duk hutu mutanen ƙauyenmu suna kawo mini baƙaƙen duwatsu a leda, don sun ji a waya cewa ana neman na sama. Nakan goga, in ce tama ce, su tafi suna dariya. Amma nakan bi hannun kowane dattijo da kallo lokacin da yake miƙo mini. Wani ne ya ɗauko dutsen nan daga tudu ya kashe maraƙin, ya kuma tsaya shiru ana shirin ƙona bukka da yara a ciki. Ban san ko wane ne ba. Wataƙila na gaishe shi a wannan hutun ma, har ƙasa.