Idon Baba Silas Mai Haɗa Fenti

Da rana ta leƙo ta kan duwatsun Mpape, Baba Silas yakan gangaro ta ƴar hanyar ƙafa zuwa garejin da ke gindin tudu, sanye da rigar aikinsa wadda fenti ya ɗiɗɗiga a kanta har an manta asalin launinta. Ba ya taɓa gwangwani sai ya zagaya motar da aka kawo. Ya tsuguna ta nan, ya miƙe ta can, ya karkata kai. Sannan ya kwance murfin tankin mai, ya fita da shi fili, domin shi ba ya haɗa launi a inuwa. Da wannan ɗan murfin yake gwada abin da ya dama, ɗigo bayan ɗigo, har sai idonsa ya ce ya isa.

Fiye da shekara talatin ya yi yana wannan aiki, kuma ba na jin an taɓa rubuta sunansa a wata jarida. Ni ma da nake rubutawa yau, na makara, kuma ina jin zafin hakan.

Na san shi ne ta dalilin mugun tuƙina. Duk wanda ke bin cunkoson Nyanya kullum zuwa ofis ya san bambar mota ba ta daɗewa da mutuncinta. Ranar farko da na kai masa tawa, na miƙa masa lambar fentin da kamfani ya liƙa a jikin ƙofa, ina jin na sauƙaƙa masa. Ya duba, ya mayar mini.

"Malam Fu'ad, wannan kala na ranar da aka haifi motan ne," in ji shi da Hausarsa ta Abuja. "Tun lokacin rana ya ci shi, ruwa ya ci shi, omo ma ya ci shi. Kuma bamba roba ne, bodi ƙarfe ne. Ko gwangwani ɗaya ka fesa musu, ba za su fito ɗaya ba."

Da na dawo ɗauka, na zagaya motar ina neman inda aka taɓa, ban gani ba. Yana zaune yana mini dariya, har da cewa in na gano wurin zai saya mini tsire.

Amma irina ba mu ne ainihin mutanensa ba. Mutanensa direbobin Maitama ne. A gidajen nan masu dogayen katangu, akwai inda ƴar gogar da ba ta kai tsawon yatsa ba a jikin mota take raba magidanci da aikinsa. Mai babur ya goge ka ya wuce, kai kuma ka tsaya kana kallon abincin ƴaƴanka a jikin bamba. Irin waɗannan su ne ke rugowa garejin. Kowa a wurin ya shaida tambayar da yake fara yi musu: "An buge mutum?" In aka ce e, ko aka yi inda-inda, ba ya taɓa motar ko da kuka za a yi masa, sai ya ce a koma a nemo wanda aka buge. In kuwa bango ne ko babur ko ƙofar gida, sai ya ce, "Zauna ka sha ruwa, ba za ka bar aiki yau ba."

Wani zai ce ai wannan rufa-rufa ce. To, ya faɗa. Ni dai na ga mazajen da suka shigo ido ja suka fita suna hamdala, kuma masu motocin ba su rasa komai ba.

Kai ne, Baba Silas, mai rufin asirin direbobi. Kai ne wanda in aikinsa ya yi kyau, babu mai gani, balle ya yaba.

Innocent yana cikin waɗanda ya sha ceto. Direba ne a wani gida a Maitama, yana da iyali a Nyanya. Bara ya zo da jif ɗin matar maigidansa, fara mai ƙyalli, irin farin da masu fenti ke tsoro. Wata tifar dutse ce ta goge masa bambar baya, uwargidan kuma tana hanyar dawowa daga tafiya. Baba Silas ya kwance murfin tanki, ya fita rana, ya dama, ya gwada. Fanalbitan garejin, mai miƙar da bodin mota, ya gaya mini cewa ya lura tsohon yana ta ƙara shuɗi, amma wa zai gyara wa Baba Silas launi? Aka fesa, ya bushe, Baba ya zagaya motar ya ce ta yi. Innocent ya ga kamar akwai bambanci, amma shi ma ya fi yarda da idon Baba a kan nasa.

Uwargidan ba ta ko shiga falo ba ta hango. Mota fara, bamba kuwa kamar an jiƙa ta a bular wanki. Ta ce gogar ba ta dame ta ba, ɓoyewar ce ba za ta ɗauka ba. A ranar aka karɓi makulli a hannun Innocent.

Ina garejin lokacin da ya dawo a ƙafa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya nuna hoton motar a waya kawai. Baba Silas ya daɗe yana kallo.

"Ai ɗaya ne," in ji shi.

"Baba, ba ɗaya ba ne."

Ya juyo gare ni. "Malam Fu'ad, kai ka faɗa mini gaskiya."

Na faɗa masa. Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Ya zauna a kan taya, sandar dama fentin tana hannunsa.

Matarsa, Mama Helen, ita ta ja shi asibiti. Mun yi fatan a ce yanar ido ce, a kankare a huta. Likita ya ce ba ita ba ce. Warin tina, wato ruwan sirka fenti, da na fentin da ya yi shekaru yana shaƙa babu takunkumi ne ya taɓa jijiyar idon. Yana ganin hanya, yana gane fuska, amma launuka sun fara cakuɗe masa, musamman tsakanin shuɗi da rawaya, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Mama Helen ta ce mini yanzu ita ke zaɓa masa kayan zuwa coci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya gaje shi. Waɗanda suka zo koyo sun koyi riƙe bindigar feshi suka yi gaba, don ita ce ke saurin kawo abinci. Haɗa launi kuwa sai an zauna kusa da mai ido yana cewa ƙara, rage, tsaya. Yanzu da wasu suka farga suna son koya, idon da zai ce musu tsaya ya tafi. Mu ma da muke kai masa mota muna toshe hanci mu koma gefe, ko sau ɗaya babu wanda ya taɓa kawo masa takunkumi.

Har gobe yana gangarowa da safe. Ba ya haɗa fenti, ya rantse ba zai sake jefa wani a abin da ya jefa Innocent ba. Samfefa yake ɗauka yana goge bodi, don tafin hannunsa bai manta santsi ba. Ya bi duk direbobin da ya sani yana roƙon a nema wa Innocent wani gida, har yau shiru. Na ce masa ya daina ɗora wa kansa laifi, ya tuna ɗimbin mutanen da ya ceta.

"Su wa?" in ji shi. "Nuna mini mota ɗaya. Duk aikin da na yi da kyau ya ɓace, ko ni ba zan gane shi ba. Ɗaya ne kawai Maitama suka gani."

Ga amsata yau, ko da ba za ta gyara komai ba.

Mun gode, Baba Silas. Na gode a madadin gidajen da aka ɗora tukunya saboda kai, ba tare da yaran gidan sun taɓa jin sunanka ba. Ku masu gareji, ku saya wa masu feshinku takunkumi tun idonsu na gani. Ku matasa, in akwai irinsa kusa da ku, ku ja kujera ku zauna tun yana iya ce muku ƙara, rage. Wanda kuma ke neman direba mai amana, Innocent yana Nyanya yana jira.

Motata tana nan a ƙofar gida. Jiya na sake zagaya ta cikin rana ina neman inda ka taɓa, Baba. Har yanzu ban gani ba.