Jatan Landen Da Ɗana Ya Bari

Ina gyaran alayyafo ƙanin mijina ya shigo babu sallama. Ya ce motar tumatir ta kife bayan ta bar Kura, kuma ɗana na fari yana cikin waɗanda Allah Ya karɓa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan kama sunansa ba. Ban kama yana raye ba, ba yau zan fara ba. Yaro ne mai tsare salla, wanda kan sakar wa maƙwabcin gona ruwa ko da ranar ban ruwansa ce. Yakan ce shinkafar wani ma ƙishi take ji.

Abu ɗaya na kasa ganewa. Da ya baro aiki a Fatakwal, ya zo da akwatin gilashi, da duwatsun teku, da wasu 'yan jatan lande jajaye da ba su kai ɗan yatsa ba. Ba a ci, ba a sayarwa. Ga ruwa kyauta a kanal ɗin ban ruwa, amma shi sai ya sayo tatacce ya dama da gishirin teku. Na ce masa almubazzaranci ne, kuma magidanci ba ya wasan yara. Ya yi murmushi ya ce, "Umma, ki zauna ki kalle su, hawan jininki zai sauka." Ban zauna ba. Uwa ba ta zama hira da ɗan fari.

Yanzu akwatin yana ɗakina. 'Yan uwa sun ce a zubar, na ce duk mai ran da aka tsare amana ne, za a tambaye mu. To amma ruwan yana ta raguwa, kuma duk Bunkure babu wanda ya san abin yi. Matarsa Hadiza, da ke takaba, maganarsa ɗaya ta tuna: wai ruwa ke tashi, gishiri ba ya tashi. Mun juya ta, mun rasa ko ƙara gishiri yake nufi ko bari.

Jiya na yi bismilla na zuba tataccen ruwa zalla. Har yanzu 'yan jatan landen suna motsi. Ban san ko daidai na yi ba, wanda zan tambaya kuwa yana ƙasa.

Allah Ka jiƙansa, Ka yalwata kabarinsa. Ka ba Hadiza haƙuri, Ka raya 'yarsa bisa tarbiyya. Waɗannan 'yan halittu kuma, ya Ubangiji, kada su mutu a hannuna.