Inci Uku da Rabi

Shekara talatin da ɗaya Anti Awo ta yi tana ɗinki a shago ɗaya, tsakanin shagon kafinta da rumfar mai gyaran takalmi, kuma ba wanda ya taɓa kama ta da ƙaryar awo. Ƙaryar "dawo gobe" kam ta yi ta har ta gaji, wannan gadon sana'a ne. Amma abin da tef ya nuna shi bakinta zai faɗa, da ƙarfi kuma, ko da shagon cike yake da jama'a. Mace za ta shigo tana yauƙi ta ce a yi mata ɗinki da awon bara, sai Anti Awo ta leƙo ta saman tabarau ta dube ta sau ɗaya.

"Awon bara ya tafi da bara, 'yar uwa. Kin ƙara inci biyu a ƙugu, ɗaya a damtse. Allah ya ƙara rufin asiri."

Da wannan bakin ta kori matar wani babban ma'aikaci, ta kori ƙanwar mijinta har sau biyu. Maigidanta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki, yakan ce da alƙalanci aka ba ta da tuni gidan yari ya cika ya batse. Ita kuwa sai ta ce tef ba shi da dangi. Abin da ya cece ta shi ne hannunta. Duk wadda ta fita da fushi sai ta zagaye teloli uku ta dawo, don rigar Anti Awo in ta hau jiki zama take yi. Tun tana shekara goma sha biyu ta hau keken ɗinkin gwaggonta, lokacin sai an sa mata tubali ƙafarta ke kai wa mataki. Da keken nan ta yaye 'ya'ya huɗu, ta yi musu makaranta, ba ta taɓa rufe shago ba sai don haihuwa ko rasuwa.

Tana nan a haka wata rana wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta zo da albishir. Ta samu aikin kula da kayan sawa a wani fim da za a yi daga wani littafi, kuma tela suke nema mai ido. Anti Awo ba ta da lokacin karatu, sai ta sa autarta ta riƙa karanta mata littafin tana taka keke. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara takwas mai kan lissafi, wadda ta zauna da fensir da ɗan littafinta ta gano cewa madatsar ruwan da ke saman garinsu za ta ɓalle. Manya suka yi mata dariya. Sai ta kama hanya ita da kakanta, tafiyar kwana tara ta tsaunuka da koguna, don ta kai lissafin hannun injiniyoyi. Duk tafiyar nan riga ɗaya ce a jikinta, koriya, mai maɓallai biyar da aljihu ɗaya inda take soke littafin.

Riga ɗaya a labari, amma shida aka ce ta ɗinka, don kowace za ta tsufa daidai da ranar tafiyarta. Ta ɗinka su tas, ta goge, ta kai wurin ɗaukar fim da kanta. A gaban idonta wani saurayi ya ɗauki biyar ya tsoma su cikin ruwan shayi, ya gurza su da dutse, ya ɗaure ɗaya a bayan mota aka ja ta a ƙasa. Anti Awo ta dafe ƙirji.

"Kai, ɗan nan! Ka san awa nawa na yi a kan wuyan rigar nan?"

Aka yi ta ba ta haƙuri, aka ce ai haka aikin yake. Ta koma gida tana cewa yau ta ga mutanen da suke biya a yi musu abu mai kyau don su samu abin lalatawa.

A nan ta fara ganin yarinyar da za ta sa rigar. 'Yar Lissafi kowa ke kiranta, ko da yake a makaranta lissafin ne ya fi ba ta wuya. Uwarta shara take yi a wata firamare. Cikin yara ɗari huɗu Darakta ya zaɓe ta, don bakinta da kaifi, idonta ba tsoro, ga ta 'yar mitsitsiya. Darakta dogon mutum ne mai yawan magana da hannu, kuma kullum maganarsa ɗaya: fim ɗin nan a kan ƙanƙantar yarinyar nan ya tsaya, ƙaramin abu a gaban katuwar madatsa.

An yi rabin aiki sai damina ta cinye hanyar wurin ɗauka. Ruwa na janyewa, dattijon da ke fitowa a matsayin kakan, wanda ake kira Kakan Fim, ya faɗo daga tsani ya karye a ƙafa. Wata takwas cur aka yi ba a kunna kyamara ba.

Ranar da za a koma aiki, Mai Kaya, wato matar nan mai kula da kayan sawa, ta kawo yarinyar shago a gwada mata rigunan, ta tsaya waje tana waya. Tun daga bakin ƙofa Anti Awo ta gani. Yarinyar ta ƙara tsawo, inci biyu da kwata. Har ta buɗe baki za ta sanar wa duniya kamar yadda ta saba, sai ta lura da yadda yarinyar ke tafiya, gwiwa a lanƙwashe, wuya a noƙe cikin kafaɗa.

"Anti, don Allah kar ki faɗa," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa. "Na ji Darakta ya ce in na girma, wata za a ɗauko a sake daga farko."

Ba sharri ta yi masa ba. Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Akwai ɗakin da ta shiga wata takwas da suka wuce, sai yanzu za ta fito daga cikinsa, kuma ba mai shiga ɗaki ya fito ya ƙara tsawo. Anti Awo ta kama hannunta za ta auna, sai ta ji ƙashi zalla. Tsawo ya ƙaru, amma damtsen ya ragu da rabin inci.

"Ke, yaushe rabonki da ki ci ki ƙoshi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. Wata ƙawarta ce ta ce mata abinci ke sa tsawo, shi ne wata uku ke nan tana ba ƙannenta rabin nata a ɓoye. In ta dawo makaranta kuma sai ta ɗora littattafai a ka ta zauna, wai ko za su danne ta. Zancen littattafan ya kusa sa Anti Awo dariya, amma tausayi ya riga dariyar isowa, har ta ji idonta ya kawo ruwa.

Mai Kaya ta leƙo. "Yaya, Anti? Rigar ta shiga?"

Anti Awo ta naɗe tef ɗinta. "Akwai ɗan gyara," in ji ta. Ba ƙarya ba ce, amma kuma ba duka gaskiyar ba ce. Bayan Mai Kaya ta koma kan wayarta, ta juyo ga yarinyar. "Saurara, 'yata. Ci naki ne, tsawo nawa ne. Kullum in an tashi aiki nan za ki biyo ki ci a gabana. Ranar da kika bar loma ɗaya, da kaina zan je in gaya masa."

Abin da shekara talatin ta koya mata shi ne, ido ba ya auna mutum shi kaɗai, da abin da ke jikinsa da na kusa da shi yake auna shi. Saboda haka ba ta saki kalmasa ta ƙara tsawon tsofaffin rigunan ba. Sababbi ta yanka daga ragowar yadin, wanda dama ta ajiye, kamar yadda duk tela mai hankali ke yi. Ta ƙara girman komai daidai wa daida. Maɓallai ta samo masu ɗan faɗi, aljihu ta buɗa shi, hannu ta sa ya zarce wuyan hannu kaɗan yadda ya zarce a da. Sannan matar da ta kusa suma don an gurza mata riga ta zauna a bayan shago da dutse da tukunyar shayi tana gurzar ɗinkinta da hannunta. Ta shida kuwa maigidan ta sa ya ɗaura a bayan kekensa ya zagaya layi. Ya dawo yana haki yana cewa shekara arba'in yana tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinja irin wannan ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafinta, wanda dama shi ya yi wa masu fim kujeru da tebura ta hanyarta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu ƙafa da sunan gyaran sanyin damina. Mai gyaran takalmi ya ƙara wa takalman Kakan Fim tudu daga ciki. Dattijon ya yi ta gaya wa mutane cewa tun da aka ɗaure masa karayar nan yake jin ya ƙara tsawo, aka yi ta taya shi murna.

Abu ya tafi sumul. Darakta ya leƙa kyamara ya ce, "Kun gani? Kamar jiya muka rabu!" Sai dai Anti Awo ta haƙa wa kanta rami. Yarinyar da ke cin burodi da ƙwai biyu da kofin madara kowace yamma ba za ta tsaya wuri ɗaya ba. Kumatu suka dawo, ƙafa ta ci gaba da miƙewa. Cikin sati biyar sau biyu ana sake riguna, Kafinta ya ce in aka ƙara wa teburin nan ƙafa sau ɗaya kuma sai an hau shi da tsani.

Rana dubu ta ɓarawo. Saura kwana uku a gama, da la'asar, mota ta tsaya a ƙofar shago. Yarinyar na bayan labule da burodi a hannu. Darakta ya shigo sai da ya sunkuya, ya shimfiɗa hotuna biyu a kan teburin yanka. A na farko, ɗan littafin lissafi ya leƙo daga aljihun rigar da kusan rabinsa. A na biyu ya nutse, sai bakinsa kawai ake gani. Anti Awo ta tuna da maɓalli, ta tuna da tebur, ta tuna da takalmin tsoho, amma ta manta da littafi.

"Mai haɗa hotuna ne ya gano," in ji Darakta. "Anti, kowa ya ce ba kya ƙaryar awo. Yarinyar nan ta ƙara tsawo?"

Anti Awo ta ajiye almakashi. Ta ji motsin labule a bayanta, ta san ana saurare. Da za ta iya ƙarya da yau ta yi, don tsoro ya kama ta sosai, ba don kanta ba. Ta nemi ƙaryar a bakinta ta rasa.

"Inci uku da rabi," in ji ta.

Darakta ya dafe kai da hannu biyu. Kafin ya ce uffan ta ci gaba.

"Sati biyar kana kallonta ta cikin na'urar nan taka ba ka gani ba, sai da littafi ya faɗa aljihu. To masu kallo sun fi ka ido ne? Ni na yi rigunan, ni na sa Kafinta, ni na sa mai takalmi, in kora ce ni za ka kora. Amma ka sani, wata uku yarinyar nan ta yi tana kwana da yunwa saboda magana ɗaya da ta fito daga bakinka. Ranar da aka kawo ta, yatsuna biyu sun zagaye damtsenta har da saura. Kai fim kake yi a kan yarinyar da manya suka ƙi saurara, ga ta a gabanka ba ka ko dube ta ba."

Hannayen Darakta, da ba sa zama wuri ɗaya, suka sauka. Ya daɗe yana kallon hotunan.

"Tana ina?"

Yarinyar ta fito daga bayan labule, gwiwa a lanƙwashe kamar kullum, ta ɓoye burodin a bayanta.

"Miƙe," in ji shi a hankali. "Miƙe sosai, 'yata."

Ta miƙe. Wata da watanni ba ta tsaya haka a gaban kowa ba, har sai da bayanta ya yi ƙara. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ita kuma ta kafe shi da ido. Anti Awo ta riƙe gefen tebur.

Darakta ya tattara hotunansa, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Anti, ke da kika san awo. In za a sayo wani littafin, da inci nawa ya kamata ya fi wannan?"

"Ɗaya da kwata," in ji ta. "Fensirin ma a sake."

"To, a kawo su gobe da bakwai. Wuri biyu za mu maimaita." Ya kai bakin ƙofa ya juyo ga yarinyar, ya kasa haɗa ido da ita. "Ki yafe mini."

Motar ta tashi. Anti Awo ta zube a kan kujerar keke. Yarinyar ta fito da burodin daga bayanta, duk ta matse shi ya zama curi. Ta gatsa, hawaye na zuba tana tauna, ta cinye shi tas a tsaye.

"Anti," in ji ta, tana goge fuska da hannun koriyar riga, "akwai saura?"