Igiyar da Kawu Ya Ƙi Ja

Kawuna mai haƙar rijiya ne. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, kuma kansa ya fi dutsen da yake fasawa tauri. Kullum kafin ya sauka sai ya cire hula a bakin ramin, ya yi wata addu'a da ya haddace daga Littafi Mai Tsarki, ta mutumin da ke roƙon Allah ya tsamo shi daga rami mai laka. Mukan tsokane shi cewa addu'ar ma ta sana'a ya zaɓa. Ko a jikinsa.

Ƙa'idar aikinsu ita ce, na ƙasa ya ja igiya sau ɗaya a ɗauke bokitin ƙasa, in ya ja sau uku kuwa shi kansa za a jawo. Kawu bai taɓa ja sau uku ba. Wuraren taka ƙafa yake sassaƙawa a bango, da su yake hawowa, yana taƙamar ba a taɓa jawo shi kamar guga ba. Dogo, abokin aikinsa mai riƙe igiya, ya yi masa magana har ya gaji.

Wata rana suna haƙa a wani gida, rami ya kai zurfin gaba goma sha biyu, sai ruwa ya ɓullo da ƙarfi, bango ya jiƙe, matakan suka zube. Kawu na hawa yana zamewa. Dogo ya leƙa ya tambaya, Kawu ya ce lafiya lau. Ruwa ya kai masa ƙirji, bakinsa na ta addu'ar nan, igiya kuma na lilo a gaban hancinsa. Sai da ya kai haɓa sannan ya ɗaura ta a ƙugu ya ja sau uku. Dogo da matan gidan suka taru suka jawo shi. Ni dai da na ji labarin, haushi ne ya riga tausayi kama ni.

Bayan wata biyu, a coci, Fasto ya tambayi ma'anar ceto. Kawu, wanda ba ya magana cikin taro, ya miƙe.

"Shekara talatin ina roƙo a fitar da ni, Fasto, amma ni nake fitar da kaina. Ranar nan kuwa ba abin da na yi sai riƙe igiya."

"Ko riƙon ma ba ka yi ba, Maigida," in ji Dogo daga baya. "A sume muka fito da kai."

Har yau Kawu yana haƙa. Sai dai yanzu tun daga sama yake ɗaura igiyar.